Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Kano: A Bar Wa Yara Filin Wasa

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kano, Injiniya Abba Kabir Yusuf, tare da shugabannin ƙananan hukumomin birni da kewaye.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne kan wata magana da ba kasafai take isa teburin gwamna ba, domin masu ita ba su da ƙuri'a, ba su da ƙungiya, ba sa kuma buga waya gidan rediyo su yi ƙorafi. Maganar wurin wasan yara ce. Ni malamin firamare ne, kuma uba. Na san a garin da ake kukan ruwan sha da tsadar abinci da ƙwacen waya, duk wanda ya tashi yana zancen wasa za a ce ya ƙoshi ne. To ban ƙoshi ba. Abin da nake gani kullum a hanyata ta zuwa makaranta da dawowa ne ya hana ni yin shiru.

Kano ta cika ta batse. Tun a ƙidayar 2006 mutanen jihar nan sun haura miliyan 9, kuma kowa ya san yadda gari ya bunƙasa daga lokacin zuwa yau. Sai dai yadda ya bunƙasa ɗin ne abin dubawa. Yawancin sababbin unguwanni awon igiya ne: mai gona ya kira dillali, a ja igiya, a yanka fuloti-fuloti, a bar ɗan lungun da da ƙyar adaidaita sahu zai ratsa, shi ke nan. Babu wanda zai bar fuloti huɗu a tsakiya don yara, tunda kowane taku kuɗi ne. A zaga Kurna da Rimin Kebe da Bachirawa da Dorayi da Sheka, a ƙirga filayen da yaro zai shiga ya yi gudu ba tare da an kore shi ba. Ba za a sha wahalar lissafi ba. A cikin ganuwa kuwa, dandalin da aka gada an gine shi, kududdufan da suke raba unguwa da unguwa ana ta cike su da shara ana dasa gini, badala ma ba ta tsira ba. Makarantun gwamnati da suke da manyan filaye, da yawa an kewaye su da shaguna, wasu an gutsure musu gefe, har ya zamana filin ƙwallon da ɗalibai suka sani jiya yau wurin ajiye kaya ne.

Yaro dai ba ya fasa wasa don an hana shi wuri. Sauya wurin yake yi. Zai kafa duwatsu biyu a kan kwalta ya ce raga ce, a riƙa tsayar da ƙwallo duk sanda mota ta taho. Zai hau bola, zai shiga kangon da mashaya suka riga shi kamawa, zai faɗa kududdufi da damina. Duk shekara muna jin jami'an kwana-kwana sun ciro gawar yaro daga ruwa, mu ce ƙaddara, mu wuce. Ƙaddara ce, babu musu, amma akwai hannunmu a ciki. Wanda iyayensa suke da hali kuma an kulle shi a ɗaki an miƙa masa waya, ana ganin an tsare shi.

Wannan duk labarin yaron da yake da ƙafa da ido ne, wanda zai iya fita ya nemo wa kansa wuri ko da mara kyau. Akwai waɗanda ko wannan ba su samu ba, kuma saboda su ne na ɗauki alƙalami.

Ranka ya daɗe, Kano ta san shan inna fiye da kowace jiha. Mun ga abin da dakatar da rigakafi a 2003 ya jawo mana, mun ga kuma irin wahalar da aka sha kafin a kai ga yaro na ƙarshe da cutar ta kama a jihar nan, a Sumaila, cikin Yulin 2014, har aka zo 2020 aka ayyana Najeriya ta rabu da ita. An yi murna, kuma murnar ta cancanta. Amma waɗanda cutar ta riga ta taɓa suna nan, yaran cikinsu sun zama samari da 'yanmata. Ga waɗanda aka haifa da lalurar ƙwaƙwalwa ko ta gaɓoɓi, ga makafi, ga kurame, ga waɗanda hatsarin mota ya naƙasa. Ina waɗannan suke da la'asar, lokacin da sa'o'insu suke fita? Yawancinsu suna tsakar gida ko zaure, suna jiyo hayaniya daga nesa. Uwa tana tsoron kada a ture shi, ko a yi masa dariya, ko a bi shi da waƙa, don haka ta gwammace ta ajiye shi kusa da ita. Ba na ganin laifinta. Idan ta ɗauko shi a keken guragu, kwatar ƙofar gida ce za ta fara tare ta, sai yashi, sai matakala. Ko ta kai shi wurin wasa na kuɗi, lilon da ke can ba a yi shi don wanda ba ya iya riƙe jikinsa ba. Sai ya zamana wurin da jama'a suka saba ganin yaro mai naƙasa shi ne bakin danja da ƙofar masallacin Juma'a, yana miƙa hannu. Yaron da ya tashi bai taɓa haɗa ƙungiya ɗaya da gurgu ba, bai taɓa faɗuwa a hannun makaho a wasan dara ba, idan ya girma ya zama darakta ko kansila, da wuya ya ga mai naƙasa a matsayin abokin aiki. Abin tausayi kawai zai ɗauke shi, ya ba shi sadaka ya sallame shi.

Alhali mun san abin da suke iyawa idan aka ba su wuri. Ƙwallon guragu, wadda ake zama kan ɗan katako mai tayoyi ana buga ƙwallo da hannu, a ƙasar nan aka ƙirƙiro ta a 1988, kuma Misbahu Lawan Didi, wanda shi ma shan inna ta taɓa, shi ya kafa ta. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon wasan ya san ba abin tausayi ba ne. Gudu ne da karo da dabara, mai ƙafa biyu ma sai ya yi da gaske kafin ya bi su da ido. Me wasan yake buƙata? Daɓen siminti mai santsi, da raga biyu. Makafi suna da tasu ƙwallon mai ƙararrawa a ciki, ana bin ta da kunne. Kurame kuwa ba abin da ya raba su da kowa a fili sai alƙalin wasan da zai ɗaga tuta maimakon busa usur. Ɗaliban makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki sun san duk wannan. Amma makaranta ɗaya ba za ta ɗauke jiha mai mazaɓu 484 ba, kuma ba a ce mai naƙasa sai ya yi wasa da mai naƙasa kaɗai ba.

Sai 'ya'ya mata. Ɗan filin da ya rage a unguwa na samari ne, ƙwallo daga hantsi har magariba, manya su kori ƙanana, ƙananan su koma lungu. Yarinya ba ta cikin lissafin ma. Dandalin da ake gaɗa da carafke da 'yar gala-gala a farin wata ya tafi, ba a kuma kawo komai a madadinsa ba. Daga boko sai islamiyya sai aikin gida, wata kuma sai talla. Almajiri shi ma yana da hutunsa na Alhamis da Juma'a, amma a ina zai yi shi? Wurin da ake biyan kuɗin shiga ba nasa ba ne, mai gadi ma daga nesa zai daka masa tsawa.

Na san abin da wasu dattawa za su ce, domin sun sha faɗa mini: wasa shi ne mafarin lalacewa, fili kuma matattarar 'yan daba ce. Ina girmama tsoronsu, don ba daga sama ya faɗo ba. An ga wasan ƙwallo tsakanin unguwa da unguwa ya ƙare da sara da suka. A 'yan shekarun nan rundunar 'yan sanda ta sha dakatar da tashe a watan azumi saboda ɓata-gari suna fakewa da shi. To amma a duba abin da muka yi: miyagu sun shigo wasan yara, maimakon mu kori miyagun sai muka kori wasan. Yaron kirki ya rasa tashe, ɗan daba kuwa bai rasa komai ba, wuƙarsa tana ƙugunsa. Filin da ya zama matattarar mashaya, idan aka bincika, fili ne da ba fitila, ba mai kula, ba dattijon da yake zama a gefensa. Rashin mai shi ne ya lalata shi.

Ta fuskar addini kuma ba ni da abin da zan koya wa malamanmu. Su suka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ya bar ta tana wasa da 'yartsana tare da ƙawayenta, ya tsaya ta kalli Habashawa suna wasa da masu a masallaci, ya kuma tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa. Abin da addini ya hana shi ne wasan da zai shagaltar da salla ko ya kai ga alfasha, kuma wannan tsari ne yake maganinsa: a tashi idan an kira salla, a ware wa 'yanmata ranakunsu ko ɓangarensu, mata su kula da su.

Doka ma tana gefen yaran. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1991, kuma sashe na 31 na yarjejeniyar ya ambaci hutu da wasa ƙarara. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta maimaita haka a sashe na 12. Kano ta samu tata dokar kare yara a watan Mayun 2023. Dokar tarayya da ta hana nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda kowa zai iya shiga, kuma wa'adin ya cika tun Janairun 2024. Ba takarda muka rasa ba. Kuma tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, filayen birni amana ne a hannun gwamna. Saboda haka ba sai an jira Abuja ba, ba sai an jira Turawa masu ba da tallafi ba. Alƙalaminka ya isa.

Ga abin da nake jin tsoro, gara in faɗe shi tun yanzu. Idan wasiƙa irin wannan ta yi sa'a ta samu karɓuwa, abin da aka saba shi ne a ba da kwangilar katafaren wurin shaƙatawa guda ɗaya a bakin babban titi, a shigo da kayan lilo daga waje, a yi masa fenti, a yanka ƙyalle, a sa kuɗin shiga. Bayan shekara biyu injin ya tsaya, babu mai gyara. Don Allah kada a yi mana haka. Muna da Gidan Zoo tun zamanin Audu Bako, kuma duk wanda ya ga cikar da yake yi da salla ya san irin ƙishirwar da yaran garin nan suke ciki. Amma Gidan Zoo na salla ne, sau biyu a shekara, ga wanda ubansa yake da kuɗin mota da na ƙofa. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata na manyan 'yan ƙwallo ne. Wasa kuwa abin kullum ne, dole ya kasance inda yaro ɗan shekara 7 zai taka da ƙafa ya je ya dawo kafin magariba, inda uwa za ta iya tura keken ɗanta ba tare da ta tsallaka babban titi ba. Ƙananan wurare masu yawa muke so, a cikin unguwa, kyauta.

Farkon aikin, kuma mafi muhimmanci, ba ya cin kuɗi sosai: a tsare filin da ya rage. A sa hukumar tsara birane ta jiha, wato KNUPDA, da ma'aikatar ƙasa su zauna da masu unguwanni da dagatai, mazaɓa-mazaɓa, a rubuta duk wani fili da yara suke wasa a kai yanzu, komai ƙanƙantarsa, ko na makaranta ne, ko na hukuma, ko kududdufin da aka cike. A auna shi, a kafa masa duwatsun iyaka, a yi masa takarda da sunan jama'ar unguwa, a buga jerin a fili kowa ya gani. Sannan a kai wa majalisar jiha ƙudurin da zai hana kowane gwamna ko ciyaman, na yau ko na gobe, yanka irin wannan fili. Na ce a buga a fili ne domin filayen da suka salwanta a ɓoye suka salwanta. Da safe kawai ake tashi a ga an jibge bulo, a tambaya a ce daga sama aka ba da. Gwamnatinka ta ga yadda abin yake a Filin Idi na Ƙofar Mata: an bari aka yi gini, aka zo aka rushe a 2023, 'yan kasuwa suka yi asara, maganar ta ƙare a kotu da batun diyya. Da tun farko akwai dokar da ta ɗaure hannun mai rabawa, da babu wanda ya yi kuka. Haka nan duk sabon awon da za a amince da shi, a sa sharaɗin ware wurin yara kamar yadda ake ware na masallaci da maƙabarta, kuma a je a gani da ido, kada a tsaya ga zanen takarda.

A unguwannin da suka riga suka cushe, makarantar firamare ce kaɗai sararin da ya rage. Da zarar an tashi ake garƙame ta, yara suna bakin katanga suna wasa a kan titi, fili yana ciki babu kowa. Na san dalilin hedimastoci, ni ma a cikinsu nake aiki: ana sace ƙofofi da tagogi, ana ɓalle kujeru, ana yin bahaya a aji. Maganin shi ne a kulle azuzuwa a buɗe fili, daga bayan la'asar zuwa magariba da kuma ranakun hutu, ƙarƙashin kwamitin makaranta da mai unguwa. Tunda ka ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024 ana ta gyaran makarantu, a sa wannan cikin gyaran. Duk makarantar da za a taɓa, a daidaita filinta, a yi ɗan daɓen siminti a gefe guda wanda keken guragu da katakon ƙwallon guragu za su gudu a kai, a yi ƙofa mai faɗi, a maye matakala da gangare mai sauƙi, irin wanda tsayin taku 1 yake cin tsawon taku 12, ba irin gangaren da ake yi don a ce an yi ba, wanda mai lafiya ma sai ya dafa. A yi banɗakin da keke zai shiga ya juya. A dasa darbejiya, domin a watan Afrilu zafin Kano yana haura digiri 40, lilon ƙarfe a rana kuwa ƙuna ne. A sa fitila mai aiki da hasken rana da famfo ɗaya.

Kayan wasan ma ba sai an yi odarsu ba. Masu walda sun cika garin nan, cikinsu har da guragun da suka ƙware wajen ƙera keken guragu. A ba su aikin lilo mai majingina da ɗamara, da abin juyawa da keke zai hau. Wanda ya ƙera a nan, shi za a kira ya gyara idan ya karye. Kuma kafin a zana komai a tambayi masu abin: iyayen yaran, da ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman, da sarakunan makafi da na guragu, da yaran su kansu. Injiniyan da bai taɓa zama a keke ba ba zai lura da kwatar da ke bakin ƙofa ba.

Abin da ya fi ƙarfe da siminti muhimmanci shi ne mutum. Kowane fili yana son mai kula, namiji da mace, waɗanda unguwa ta sani ta kuma yarda da su, a ba su ɗan horo da alawus na wata-wata. Aikinsu raba lokaci, don kada samari su cinye ranar duka, da raba faɗa, da jawo yaron da ya rakuɓe a gefe a sa shi cikin ƙungiya. Muna da ɗaliban da suka karanci ilimin motsa jiki a kwalejojin ilimi suna zaune babu aiki, muna da tsofaffin 'yan wasa, muna da matan da har yanzu suna riƙe da waƙoƙin gaɗa a ka. Langa ma, da muke ganin wasan ƙauye ce, tana cikin wasannin gargajiya da ake fafatawa a gasar wasanni ta ƙasa, ga ta ba ta buƙatar komai sai ƙasa da ƙafa. Wannan kuɗin na masu kula ya dace ya fito daga ƙananan hukumomi, musamman bayan hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan kuɗaɗensu. Ciyaman ɗin da yake iya sayen kofi da riguna ya shirya gasar ƙwallo da sunansa gab da zaɓe, zai iya biyan mutum biyu a kowace mazaɓa duk wata. A dai ba abin layinsa a kasafin kuɗi, don kada ya zama sai an ga dama.

Mu ma iyaye da sauran jama'ar gari akwai namu. Attajiran da suke gina masallaci kusa da masallaci, da za a nuna musu cewa sayen fuloti biyu a yi waƙafinsu ga yaran unguwa shi ma sadaka ce mai gudana, na tabbata za a samu masu yi. Gwamnati ta sauƙaƙa musu da yafe kuɗin takarda. Wannan kira malamai ne ya kamata su yi shi a kan mumbari.

Ranka ya daɗe, ba na roƙon a yi mazaɓu 484 a shekara ɗaya. A fara da mazaɓa guda a kowace daga cikin ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale da Fagge da Tarauni da Nasarawa da Kumbotso da Ungogo, a zaɓi mafi cunkoso, ba mafi kusa da idon baƙi ba. Idan an gama, kada a aiko mana da hoton fenti. A je ranar Alhamis da yamma ba tare da sanarwa ba, a duba ko akwai 'yanmata a ciki, ko akwai almajiri, ko akwai yaro a keke yana cikin wasan ba a bakin katanga ba. Jerin filayen nan kuwa, ina roƙon a ba da umarnin fara shi kafin a kai kasafin kuɗi na gaba majalisa, domin dillalai ba sa jiran kowa.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ikon sauke amanar da ke wuyanka.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin firamare kuma uba,
daga cikin birnin Kano.